Masara Ba Daga Masar Ta Zo Ba

Ranar Talata, darasi na uku,
na rubuta a allo: Gano Amurka.
Alli ya karye kafin in kai ƙarshe.
Barira, mai zama gefen taga,
wadda ba ta ɗaga hannu ba tun farkon zango,
ta ce, "Malam, da baƙon ya iso,
ba kowa ne a gidan?"

Aji ya yi dariya. Ni ban yi ba.
Na ce akwai mutane.
Ta ce, "To wa ya ɓata, har aka gano shi?"
Sai aka buga ƙararrawa.
Ƙararrawa ce ta cece ni.

Da la'asar na tsaya a Ƙofar Marusa
wurin Ilu mai gasa masara.
Ya juya min guda a kan garwashi,
ya naɗe a takardar jarrabawar bara.
Na riƙe ta da zafinta ina kallo.
Mun kira ta masara,
kamar daga Masar aka ɗauko ta.
Alhali wasu tsofaffi ne a can hayin teku
suka zauna da wata ciyawa mai rowa,
kaka bayan kaka suna zaɓen iri,
har ta koyi cika hannu.
Mun ci gumin su da gishiri,
ko sunansu bai biyo buhun ba.

Rogo ma nasu ne. Gyaɗa ma.
Barkonon da Inna ke daka wa yaji.
Shekara nawa suna cikin tukunyarmu
ba mu yi musu sannu ba?

Na karanta yadda aka kwashi 'ya'yansu
zuwa makarantun kwana masu nisa.
A bakin ƙofa aka aske musu kitso,
aka karɓe suna, aka ba su lamba.
Wanda ya yi mafarki da harshen uwarsa
ya tashi da sabulu a baki.
Wasu sun dawo ba sa iya gaida kakarsu.
Wasu ba su dawo ba;
bayan makaranta akwai fili
da ciyawarsa ta fi ta ko'ina kore.

Ba zan ce ciwonmu ɗaya ba.
Mai targaɗe ba ya gwada kansa da mai karaya.
Mu harshenmu yana nan, yana ciniki a kasuwa,
yana zagi, yana roƙon ruwa.
Amma na tuna wani katako mai igiya
a makarantarmu ta kwana.
Wanda Hausa ta kuɓuce masa
shi ke kwana da shi a wuya.
Na rataya shi sau huɗu.
Na biyar, ni na laɓe bayan ɗakin wanka
har Tanimu ya taka ƙaya ya ce "wayyo",
na miƙa masa ina murna.
Babu Bature ko ɗaya a wurin.
Ya riga ya tafi da shekaru,
ya bar mana igiyar.

Na bi ta Ƙofar 'Yanɗaka zan koma gida,
inda aka ce ta nan suka shigo.
Yanzu 'yan acaɓa ne ke rububi,
wani yana sayar da katin waya.
Ƙofa ba ta riƙe sawu.

Gobe Laraba.
Manhaja ta ce in wuce babi na tara.
Na sayi masara biyu ɗanyu wurin Ilu,
ya ce me zan yi da ɗanya.
Zan ajiye su a kan tebur,
in goge kalmar farko daga allo,
in ce Barira ta maimaita tambayarta
da ƙarfi, yadda na baya za su ji.
Amsar ba ta gama nuna a bakina ba.
Sunayen ƙabilun kuwa na rubuta a tafin hannu,
ina ta gwada su a hanya,
harshena yana tuntuɓe,
kamar yadda nasu zai yi da Katsina.