Dangin Dodon Koɗi

Ranar Talata, a lakkwal ɗinmu ta Tawa,
na zana shi da alli a kan allo:
kai kamar tulun da aka kife,
hannuwa takwas suna zubowa ƙasa.
Zalika ta ce, "Madam, gizo-gizo ne?"
Wani daga baya ya ce saiwar kuka ce.
Ba mu da sunan da za mu kira shi.
Ina za mu samo? Teku ta yi wa Adar nisa.
Ruwan da muka sani, tabkin Tabalak ne
da abin da guga ta ɗauko.

Sai na bi littafi kamar mai jan asali.
Babban gida: dabbobi.
Nan muke tare da shi, mu da raƙumi da sauro.
Zuri'a: masu taushin jiki, waɗanda ba a ba ƙashi ba.
Ɗaki: waɗanda ƙafa ta tsiro musu daga kai.
Ƙofa ta ƙarshe: masu takwas.
Aji ya kece da dariya
da na ce dodon koɗin da ke fitowa bayan ruwan Agusta
ɗan'uwansa ne na jini.
Ɗaya ya goya gidansa a baya,
ɗaya ya yar da nasa tun fil azal,
ya shiga duniya ba ko bante.

Na ce musu zuciyarsa uku,
jininsa shuɗi kamar ruwan baba,
yana yawo da tawada, bai taɓa rubuta harafi ba,
sai dai ya watsa ta a idon maƙiyi ya ɓace.
Suka kwafa a kaye. Aka buga ƙararrawa.

Da dare ina gyaran takardu a tsakar gida,
yayana Alƙasum yana hura gawayin shayi.
Shekara shida ya yi a bakin tekun arewa,
ya dawo da tari da jaka ɗaya.
Ya leƙo zanen, ya daɗe bai ce komai ba.

"Ƙarnit," in ji shi. "Haka Larabawan can ke kiransa.
Ba a kama shi da ƙugiya, ba a sa masa abinci.
Tuluna muke ɗaurewa a igiya, ɗari, ɗari biyu,
mu sake su ƙasan ruwa, mu tafi.
Shi kuwa ba abin da yake nema kamar lungu.
Ya ga baki a buɗe, ciki da duhu,
ya ce ga ɗaki, ya shige,
har ya jawo 'yan duwatsu ya tare ƙofa.
Da asuba mu ja igiya."

Ya ɗaga buta sama, shayi ya yi kumfa.
"Na taɓa ganin wani ya sulale ta ramin jirgi
da bai fi bakin wannan kofin ba.
Ban faɗa wa mai jirgi ba.
Mu goma sha ɗaya muke kwana a ɗaki guda a lokacin,
takardunmu na cikin aljihun wani."

Ya ce, "A wane gida littafinku ya sa shi?"
Na karanto masa, daga babban gida har ƙofa.
Ya gyaɗa kai. "Ba su rubuta tulun ba."

Ya miƙo min kofi da hannu biyu,
don na daman ba ya riƙo sosai
tun ranar da igiya ta naɗe shi cikin sanyi.
Ban yi niyyar ƙirgawa ba,
idona ne ya saba tun safe.
Biyar a hagu.
Uku a dama.
Na karɓa na sha da zafinsa.