Dangin Laima

A garkar Kawu Nomau, bakin Gulbin Maradi,
fangali guda ya bari bai tuge ba.
Karas ya tsufa, ya yi kara,
ya buɗe farar laima bisa kansa.

Can gindin rijiya farsil ma ya yi fure.
Na tsaya da guga a hannu:
laima iri ɗaya, ƙudan zuma ɗaya.

"Kawu, ashe dangi ne?"
Ya murje iri a tafi, ya ce in sansana.
"Wannan ya binne arzikinsa,
wancan ya baje nasa a sarari.
Sai sun tsufa ake gane gidansu ɗaya."

Da dare na nemo lambar yayana,
damina uku ba mu gaisa ba.