Mai Awo

A injin casar shinkafa na bakin hanyar Kamba
sikeli ya tsufa, kwamfuta ta girme shi,
Alhaji Namata ya ce in koya mata lissafi.

Da "idan" na fara.
Idan ta damina ce, yi kaza.
Idan ta rani ce, yi kaza.
Idan da laima a buhu, idan da tsakuwa,
idan ta fadamar Suru ce mai doguwar ƙwaya.
"Idan" ya hau kan "idan" har shirin ya zama sarƙaƙiya,
in taɓa nan, can ya yi ƙara.

Malama Tasalla ta leƙa allona tana ɓare gyaɗa.
Ta ce, Barmani, buɗe ma'aji guda.
Kada ki zuba masa lamba,
kwatancen gidan wani aiki za ki zuba.
In buƙata ta taso, ma'ajin za ki kira,
wanda yake nunawa shi zai amsa.
Sharaɗi ɗaya ne, kuma Faskal ba ya lamuni:
ya karɓi nauyi da laima, ya mayar da naira.
Mai hannu uku ba ya shiga wannan riga.

Na sa wa ma'ajin suna mai_awo.
Da safe ya nuna lissafin damina,
da azahar na juya shi ga na rani,
kira ɗaya, bakin da ke amsawa daban.
Layi tamanin suka zube kamar ƙaiƙayi.
Na yi dariya ni kaɗai, janareto na taya ni.

Ranar kasuwa na manta ban nuna masa kowa ba.
Buhu ya hau sikeli, shirin ya yi kira,
kiran ya tafi inda babu gida, babu ƙofa,
allo ya sandare.
Motoci bakwai a waje, direbobi na huci,
Alhaji na juya hula.

Ni kuwa ba allon nake gani ba.
Benci nake gani, wancan na jikin bango,
inda babana Arzika ya zauna shekara goma sha tara
da biro a bayan kunne.
Ba mai kiran sunansa. "Mai awo!" kawai,
in ya tafi salla Gado ya amsa,
in Gado na zazzaɓi wani ya amsa.
Sati biyu da rufe shi
wani tsoho ya zo daga Dole Kaina da buhu uku a amalanke,
ya tsaya ya ce, "Mai awo!"
Ya sake.
Ya sake na uku, yana kallon bencin.
Ba wanda ya iya buɗe baki.

Na kashe na kunna.
Layi ɗaya na ƙara kafin kowane kira:
duba tukuna ko akwai kowa a gidan.
In babu, faɗa wa mai buhu a hankali,
kada a bar shi tsaye yana ta sallama.