Sikeli Ba Ya Jefa Ƙuri'a

Shekara ashirin da shida ina zaune bakin tagar nan,
a rumbun hatsi na wani ƙauye a Nebraska.
Mota ta hau sikeli da kaya, ta dawo wayam,
ni ke rubuta abin da ke tsakani.
Lorna Pekarek nake. Ba na wa'azi, awo nake yi.

Ran Talata Merle Dvorsky ya kawo waken soya,
hular jam'iyya a kansa, rana ta cinye launinta,
rediyon motarsa na ta kumfar baki:
a rage haraji, a toshe iyaka, a ƙara kuɗin fito,
gwamnati ta zare hannu daga aljihun mai gumi.
Ya ce, "Lorna, yaya farashi yau?"
Na juya masa allo.
Ya tsaya kallo kamar mai karanta sunan nasa a dutsen kabari.

Masu sayenmu na ƙetaren teku sun sauya kasuwa.
Mun ɗora musu fito, sun rama,
wake ya taru tsibi a waje, an lulluɓe shi da tamfol,
ɓeraye kaɗai suka ga bunƙasar arziki bana.

Kada ku yi wa Merle dariya.
'Yan birni sun riga ku, a talabijin, da kofi a hannu,
suna kiransa baƙauye mai kan dutse.
Ba su nan ranar da jami'i ya zo da takarda shafi arba'in
don ya auna kwatar da ke bayan garkensa.
Ba su nan ranar da ya binne matarsa,
ya koma da yamma ya gyara wa maƙwabci shinge.
Wanda aka raina a gaban jama'a
ba ya zaɓen mai raina shi, ko da zuma a bakinsa.

Amma na ga takardar tallafi ta iso daga Washington.
Mutumin da ya ce hannun karɓa ba ya daraja
ya ninke ta huɗu, ya cusa cikin Littafi Mai Tsarki,
kwana tara tana kwance cikin Zabura,
ran na goma ya kai ta banki ta ƙofar baya.

Sai Eusebio, mai tatsar shanun gidan Hollenbeck,
shekara goma sha huɗu bai makara ba.
Wata asuba motoci suka zo ba fitila.
Takalman robarsa har yau suna ƙofar garke,
shanu na kuka da nono a hantsa.
Merle ya ce, "Katanga na zaɓa, ban zaɓi a tafi da Eusebio ba."
Ban tanka ba.
Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zub da ruwa.

Ɗakin haihuwar gundumarmu an rufe shi bara, babu riba.
Joelle, 'yarsa, ta sauka a kujerar baya
saura mil talatin a kai asibiti.
Yaron na lafiya. An sa masa Merle.

Nuwamba na tafe, alluna sun tsiro a bakin titi kamar ciyawa.
Giwa ta ce ita ce tamu, ta bi ta kan gona.
Jaki ya ce yana tausayinmu, bai san hanyar garin ba.
Na tambayi Merle, ya gyara hula:
"Giwa dai. Ko ba komai tana kiran sunana daidai."

Ni ma zan je majami'a in shiga layi,
bayan labule in yi abin da zan yi, ban gaya wa kowa ba.
Washegari ƙarfe shida in buɗe taga,
in share ƙanƙara daga kan sikeli,
in mai da allura kan sifiri.
Motar Merle ce ta farko, kullum.