Baƙin Barsu

Luba ce ta aiko da ita daga Kaduna,
'yar kwalba fara mai shuɗin murfi.
Ta ce, "Baba, ɗaya kullum bayan kari.
Halittu ne masu rai, biliyan goma a kowace ƙwaya,
su za su gyara maka hanji."
Na ce, ɗiyata, ɗaki uku gare ni a Mabera,
ina zan sauke baƙi biliyan goma?

Huɗu na sha.
Ranar da zafi ya koro ni tsakar gida da tabarma
na manta kwalbar a kan dakali.
Na je la'asar, na dawo:
murfi a tattaune, ciki wayam,
Barsu kwance a gindin dogonyaro
yana lasar hanci, yana kallon gefe,
kallon mai cin bashi in ya hango mai shago.

Ashirin da shida, tas.

Shekara tara yana gadin ƙofata,
ban taɓa shafa kansa ba.
Sai ga yatsuna na rawa a kan waya.

Dakta Shu'aibu ya ce, "Juya kwalbar,
karanto mini ƙananan rubutun nan.
Ba halittun nake tsoro ba.
Akwai wani zaƙi da akan sa a irin waɗannan,
mutum ya sha ya zauna lafiya, kare ya sha ya tafi."
Tabarauna ya zaɓi ranar ya ɓata.
Jikana Mu'azu ya haska tocila,
yana tuntuɓe da kowane harafi
kamar jaki a kan tsakuwa.

"Babu shi," in ji likita. "Ku aje masa ruwa.
In ya yi ta amai, ko ya kasa tashi, ku kawo shi."

Daren nan cikinsa ya yi ta ruri
kamar hadari ya taso daga Kware.
Sau uku yana rugawa bayan katanga.
Abin da iska ta kwaso
ya sa Mu'azu toshe hanci, ya gudu ɗaki.
Ni na zauna.
Na sake ruwan kasko.
Na ƙirga numfashinsa har lissafi ya kuɓuce mini.
Can wajen ƙarfe uku na tarar da tafina a wuyansa,
ban san sa'ad da ya je can ba.
Wurin da ɗumi, akwai wani tsohon tabo
da ban taɓa sanin yana da shi ba.

Da asuba na wanke hannu, na yi alwala.
Kafin in sallame ya miƙe
yana yi wa mai ruwa haushin da ya saba.

Luba ta kira da hantsi:
"Baba, ya ciki?"
Na ce, "Da sauƙi ƙwarai."
Ba ta tambayi cikin wa ba.

Yanzu nono nake saya wurin Inna Jumma,
ludayi biyu, in dama da fura.
Ragowar ƙwarya nakan juye a kasko,
in tsaya har ya gama.