Talala

Shekarata ashirin da biyu
ranar da Mista Brubaker ya turo mini takardu bakwai,
ya ajiye biro a gefensu kamar cokali a gefen faranti.
Yunwa ba ta iya karatu ba.
Na sa hannu.

Shekara goma sha huɗu ina rarrafe ƙarƙashin gidajen Erie,
tocila a baki, gwiwa a kan siminti,
ina tada injinan ɗumama ɗaki da suka mutu tsakar dare.
Na san tarin kowannensu.
Na san wanda ƙura ce ta shaƙe shi,
na san wanda tsufa ne kawai, sai haƙuri.

Akwai wani shago a Titi na Ashirin da Shida,
dā na wanki da guga ne, har yanzu yana warin sabulu.
Halina ta auna ƙofarsa da taku.
Banki ya gyaɗa kai.
Ta sayo fenti shuɗi, ta rubuta a allo: WOJTALA DA ƊIYA,
alhali ɗiyar ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba.

Sai ga wasiƙar lauya, fara tas, ba ta ko gaishe ni ba.
Shafi na shida, sakin layi na uku:
shekara biyu, mil hamsin ta kowace kusurwa.

Daren nan na shimfiɗa taswira a teburin kicin,
na kafa allura a kan shagon Brubaker,
na ɗaura zare, na zagaya da fensir.
Gidan uwata ya faɗa ciki.
Makarantar Zofiya ta faɗa ciki.
Kusan rabin da'irar ya faɗa tafki,
wato har kifaye an hana ni jin tarinsu.
Halina ta yi dariya, dariyar ba ta kai ƙarshe ba.

Igiya mai tsawo ce,
shi ya sa ban taɓa jin ta a ƙafa ba
sai ranar da na nufi ƙofa.

Lauyan da na biya kuɗin awa guda ya ce,
mai yiwuwa ka yi nasara,
amma shari'ar za ta cinye shagon tun ba a buɗe shi ba.

Ban ce Brubaker mugu ba ne.
Shi ya koya mini sauraron ƙarfe.
Tsoro yake ji kada littafin kwastomominsa ya yi ƙafa ya bi ni.
To, littafin nasa ne, na yarda.
Kunnen fa?
Yatsun nan da sanyi ya tsattsaga fa, na wa ne?

Terrell da na yi wa alkawarin koyon aiki
yana jidar kwalaye a wani sito yanzu.
Jovan ya hau bas, ya nufi kudu, bai waiwayo ba.
Su biyun ba su sa hannu a komai ba,
amma zaren nan ya zagaye su.
Shagon yana nan, an manne tagoginsa da tsohuwar jarida.
Ba wanda ke ƙirga ƙofar da ba a buɗe ba.

Ina tuƙa motar burodi, daga ƙarfe uku na dare.
Cikin Janairu injin tsohuwa Okonski ya yi shiru,
ƙanƙara ta kai rabin taga.
Na shiga ta ƙofar baya kamar ɓarawo,
minti ashirin, wuta ta kama.
Ta miƙo kuɗi, na mayar da hannu aljihu.
Ta ba ni miyar kabeji a kwano.
Takarda ba ta ambaci miya ba.
Na duba.

Saura kwana ɗari uku da goma sha ɗaya.
Jiya Zofiya ta shiga gareji neman kekenta,
ta ce, Baba, me ya sa allonmu ke kallon bango?

Na ce fentin ne bai bushe ba.