Telan Tutoci

Ni ne Manzo, tela a bakin Kasuwar Dole,
rumfa ta uku in ka wuce dukawa.
Ban taɓa hawa jirgi ba,
amma harkar ƙasashe ta ƙarƙashin allurata take bi.

Shekarun baya an kawo mini yadi kala uku,
shuɗi, fari, ja.
Aka ce jera su a tsaye, manyan baƙi na tafe.
Na jera. Aka biya ni rabi.
Baƙin suka ɗaga hannu ta cikin gilashi, suka wuce.

Bana Shugaba ya yi jawabi bayan isha'i.
Mun ji shi a rediyon Kiyari mai shayi,
batir ya yi sanyi, murya na zuwa tana komawa.
Ya ce ƙasa ta juya fuska,
daga yau mu ke zaɓen wanda zai hau tabarmarmu.
Wallahi na tafa.
Har da ƙwalla, ba zan ɓoye ba,
don kakana ya fasa dutse a aikin tilas
kuma ya mutu ba wanda ya ce masa sannu.

Da safe samarin Zango suka cika rumfa:
Tela, tutar sabon aboki, hamsin, kafin Juma'a!
Na ce wane launi?
Suka ce fari, shuɗi, ja.
Na yi shiru.
Na jawo buhun da ke ƙarƙashin keke,
na sa reza na farke na dā,
abin da ke tsaye na kwantar da shi.
Ko ƙyalle ban saya ba.

Ranka ya daɗe, ni ɗinki kawai na sani.
Na san ba a yanka sai an gwada,
kuma almakashi ba ya jin "da na sani".
Ka ce za mu yi hulɗa da masu nisa,
masu ƙanƙara, masu jiragen yaƙi, masu tonon ƙasa.
Madalla.
To kudu fa?
Ƙanwata Sahiya tana aure a Kazaure.
Ta haihu, suna ya wuce, ban je ba.
Motar Ciroma ta kwana goma sha tara a Ɗan Barto
har waken ya fara tsiro a buhu,
ya dawo yana raba shi sadaka yana dariyar da ba dariya ba.
Ƙwayar hawan jinin Barira ta can take zuwa.
Yanzu rabi take sha, tana cewa ta ji sauƙi.

In gobara ta tashi tsakar dare,
wanda kuka haɗa katanga shi ke fara kawo guga,
ko da jiya kun yi cacar baki.

Kuma in ka zauna da sababbin aminan
a ɗakin nan mai sanyi, alƙalami a hannu,
ka duba mini takardar da kyau:
a layi na nawa aka rubuta ruwa?
Don famfon Garin Malam tari yake yi tun Talata,
mu kuwa muna hango hasken matatar mai ta hanyar Tanut
muna kirga kuɗin garwa.

Ban ce ka koma baya ba.
Wanda ya sauke kaya daga kansa
ba ya marmarin gammo.
Cewa na yi, kada a sauya mana mai ɗora kayan kawai.

Tutocin sun tafi ranar Juma'a, an yi ta kiɗa.
Wannan karon an biya ni duka.
Yarona Ila yana share zare, ya ce,
Baba, me ya sa ka yi ɗinkin da faɗi haka,
kamar na shirin gwaji?
Na ce kai dai koyi.
Tutar baƙo ba a matse mata ɗinki.
Miƙo mini rezar nan in adana.